Tsara na'ura da tantance haɗarinta bisa samfuri: tambayoyi da amsoshi

Wanda ya yi nisa a karatun injiniyanci, ko ya samu aiki inda ake hulɗa da jiragen sama, jiragen ƙasa, matatar mai ko tashar lantarki, ba zai daɗe ba sai ya ci karo da haruffan MBSE da MBSA. Na farko shi ne tsara babbar na'ura ta hanyar samfuri, wato kwatancin na'urar da aka gina a cikin kwamfuta, na biyu kuma tantance haɗarinta ta hanyar samfuri. Ga tambayoyin da masu fara koyo suka fi yi a kansu.

Mene ne aikin injiniyan tsari, bayan ga injiniyan lantarki ga na inji ga mai rubuta manhaja?

Kowane ɗayan waɗannan yana kula da nasa sashe. Injiniyan tsari kuwa yana kula da abin da ke tsakanin sassan: wa ke aika wa wa me, da wane ma'auni, a wane lokaci, kuma me zai faru idan saƙon bai iso ba. A manyan na'urori, ɓarna ta fi yawan fitowa daga wannan mahaɗa.

Ranar 23 ga Satumba 1999 hukumar NASA ta rasa kumbonta mai suna Mars Climate Orbiter a daidai lokacin da yake shiga da'irar duniyar Mars. Babu sashen da ya karye. Wata manhajar da ke ƙasa tana fitar da ƙarfin tunkuɗar injinan kumbon da ma'aunin fam, irin na Amurka, ita kuwa manhajar da ke lissafin hanya tana karɓar lambobin a matsayin ma'aunin nyutan. Tazarar da ke tsakanin ma'aunan biyu ta kai ninki 4.45. An so kumbon ya wuce a nisan kimanin kilomita 226 daga doron Mars, sai ya sauko zuwa kusan 57, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba. A rubuce yake cikin takardar yarjejeniyar sassan cewa da nyutan za a yi aiki. Takardar dai ba ta da bakin tsawatar wa kowa.

To me MBSE ya zo ya canza?

Ya zo ya canza inda ake ajiye gaskiyar aiki. A da, babban aiki yana rayuwa ne a cikin takardu: kundin buƙatu, kundin zane, kundin mahaɗar sassa, kundin gwaji, kowanne da marubucinsa da ranar da aka yi masa gyaran ƙarshe. Idan aka canza ƙarfin famfo a kundi ɗaya, sai wani ya tuna ya bi sauran ya gyara, kuma ɗan'adam ajizi ne. A tsarin MBSE ana gina samfuri guda a cikin kwamfuta mai ɗauke da buƙatu, sassa, ayyukansu da alaƙar da ke tsakaninsu, takardu kuma su zama abin da ake fitarwa daga cikinsa idan an buƙata.

Tunanin ba sabo ba ne. Wayne Wymore na Jami'ar Arizona ya fitar da littafi a kansa tun 1993, amma sunan ya bazu sosai ne bayan ƙungiyar injiniyoyin tsari ta duniya, INCOSE, ta sa shi a gaba cikin takardar hangen nesanta ta 2007.

Ashe samfurin ba zane-zanen akwatuna da kibiyoyi ba ne kawai?

Da ido haka yake, kuma kamfanoni da yawa a nan suke tsayawa su ce sun rungumi MBSE. Amma akwai abu biyu da ke raba zane da samfuri.

Na farko, a cikin samfuri kowane abu guda ɗaya ne komai yawan wuraren da ya bayyana. Famfon mai da ke cikin zanen sassa shi ne dai wanda ke cikin zanen rarraba wuta, shi ne kuma wanda buƙata mai lamba kaza take magana a kansa. Ka goge shi, kwamfuta ta nuna maka buƙatun da suka zama marayu da wayoyin da suka rasa inda za su je.

Na biyu ya fi zurfi, shi ne ma'ana. Kibiyar da ta tashi daga akwatin A zuwa akwatin B, me take faɗa? Mai ne ke bi, ko wuta, ko umarni? Nan take yake isa ko da jinkiri? Idan injiniyoyi uku suka dubi kibiya ɗaya suka ba da amsa uku, to abin da ke gabansu hoto ne. Shi ya sa masana ke raba samfura gida biyu. Akwai waɗanda aka yi domin mutane su fahimci juna, ma'anarsu tana cikin kawunan masu karantawa da abin da suka riga suka sani game da na'urar. Akwai kuma waɗanda aka yi domin lissafi, kowace alama tana da ma'ana ɗaya tak a ilimin lissafi, har kwamfuta ta iya gudanar da su ta fitar da amsa. Dukansu ana buƙatarsu. Rigima tana tasowa ne idan aka ɗauki na farko aka nemi ya yi aikin na biyu.

Da wane harshe ake rubuta su?

Wanda ya fi shahara shi ne SysML, wanda ƙungiyar OMG mai tsara ƙa'idojin manhaja ta fitar da bugunsa na farko a 2007, an tsiro da shi daga UML na masu manhaja. An daɗe ana sukarsa da cewa ma'anar alamominsa ba ta da tsauri, shi ya sa bugu na biyu ya zo da sabon tushe da hanyar rubuta samfuri da haruffa ba da zane kaɗai ba. Kamfanin Thales na Faransa yana da hanyarsa mai suna Arcadia da manhajar Capella, wadda ake samu kyauta. AADL na masu haɗa kwamfutocin cikin jirgi ne, Modelica da Simulink kuma na masu son ganin yadda zafi, gudu ko matsin ruwa ke canzawa da lokaci.

Ita tantance haɗari me ake nema da ita?

Amsar tambaya uku: me zai iya lalacewa, mece ce yiwuwar hakan, kuma idan ya faru wace irin ɓarna za a yi. Hanyoyin da aka gada sun girmi MBSE nesa ba kusa ba. FMEA ta fito daga wata ƙa'idar sojojin Amurka ta 1949. Ana bin sassa ɗaya bayan ɗaya ana tambayar ta yaya wannan zai lalace, me kuma zai biyo baya. Bishiyar lalacewa, wadda H. A. Watson ya ƙirƙiro a ɗakin binciken Bell a farkon shekarun 1960 domin makami mai linzami na Minuteman, ita daga sama take farawa: a ɗauki masifar da ake tsoro a yi ta gangarowa ana neman musabbabinta. HAZOP kuma, mai tambayar me zai faru idan aiki ya kauce daga yadda aka tsara shi, ta taso a kamfanin sinadarai na ICI a Ingila, har yau ita ce abin hannun masu matatun mai da iskar gas.

A manyan jiragen fasinja, ƙa'idar da hukumomin Turai da Amurka ke aiki da ita ita ce duk lalacewar da za ta iya hallaka jirgi kada yiwuwarta ta wuce ɗaya cikin biliyan a kowace awa ta tafiya, kuma kada lalacewar abu guda ɗaya ta iya jawo ta. Babu wanda zai iya gwada jirgi na awa biliyan. Dole a nuna wannan lamba ta hanyar lissafi, lissafin kuma a kan samfuri yake tsayawa, ko da samfurin a takarda aka zana shi.

A nuna mini bishiyar lalacewa a aikace.

Ɗauki ɗakin tiyata mai samun wuta daga layin kamfanin lantarki, da janareta na ko-ta-kwana, da makunnin canji mai sarrafa kansa wanda duk wutar ke bi ta cikinsa. Abin da ake tsoro, wato kan bishiyar, shi ne ɗakin ya rasa wuta ana tsakiyar aiki. Hanya biyu ce ke kaiwa can. Ko dai a ɗauke wutar layi kuma janareta ya ƙi tashi, dole duka biyun su haɗu. Ko kuma makunnin canji ya lalace, shi kaɗai ya isa.

Mu sa lambobi na misali kawai. A ce yiwuwar ɗauke wuta a lokacin aiki ɗaya cikin 10 ce (wasu masu karatu za su ce an yi wa kamfanin lantarki kara), ta ƙin tashin janareta ɗaya cikin 100, ta lalacewar makunni ɗaya cikin 500. Reshe na farko ana ninka lambobinsa: ɗaya cikin 1,000. Reshe na biyu daidai yake da biyu cikin 1,000. Jimla kusan uku cikin 1,000.

Yanzu shugaban asibiti ya ce a sayo janareta na biyu. Reshe na farko ya faɗi zuwa ɗaya cikin 100,000, abin sha'awa, amma jimlar ba ta sauka ƙasa da biyu cikin 1,000 ba, domin kashi biyu cikin uku na haɗarin tun farko a wuyan ɗan ƙaramin makunnin nan yake rataye. An kashe kuɗin janareta alhali ba a nan gizo yake saƙar ba. Irin waɗannan ƙananan rukunan lalacewa da suka isa su jawo masifa su ne ainihin abin da ake tatsa daga bishiya, kuma rukunin da ke da abu ɗaya tak a ciki shi ake fara kai wa hari.

Idan an tanadi madadi biyu ko uku na kowane sashe, ba shike nan ba?

Ninka lambobin da muka yi a sama yana da sharaɗi: sassan ba su da abin da ya haɗa su. Janareta biyu masu shan mai daga tanki ɗaya, ranar da ruwa ya shiga tankin tare za su mutu, ɗaya cikin 100,000 ɗin nan kuma ta zama tatsuniya.

Tarihin injiniyanci cike yake da wannan. Jirgin DC-10 na kamfanin United mai lamba 232 yana da layukan man sarrafa jirgi guda uku masu zaman kansu. Ranar 19 ga Yuli 1989 faifan farfelar injin wutsiya ya tarwatse, gutsattsarinsa suka yanke duka ukun, domin a wutsiyar suka bi kusa da juna. Matuƙan suka lallaɓa jirgin da ƙarfin injinan fukafukai kaɗai har birnin Sioux City na Amurka, inda mutum 184 suka tsira daga cikin 296. Rokar Ariane 5 ta Turai, a tashinta na farko daga Kourou ranar 4 ga Yuni 1996, tana da kwamfutocin gane alkibla biyu, babba da madadinta. Manhaja ɗaya ce a cikinsu, wadda aka gada daga Ariane 4. Sabuwar rokar ta fi tsohuwar gudu a kwance, wata lamba ta yi girman da ya wuce 32,767 da gurbinta ke iya ɗauka, kwamfutocin biyu suka tsaya kusan a tare, rokar ta tarwatse kimanin sakan 40 da tashi. A tashar nukiliya ta Fukushima da ke Japan kuma, ranar 11 ga Maris 2011, igiyar ruwa guda ta cinye yawancin janaretocin ko-ta-kwana domin a ƙasa-ƙasa aka girke su.

A duka ukun akwai madadi. Abin da ya haɗa madadin da na asali, wuri ne ko manhaja ko ruwa, shi ne bai samu nauyin da ya dace da shi ba a lissafi.

Me MBSA ya ƙara a kan bishiyar da aka saba?

Bishiya da hannu ake gina ta, kuma ba ta kama da na'urar da take magana a kanta. Injiniyan da ya zana layukan wuta zai dubi bishiya mai shafi ɗari ya kasa gane inda makunninsa yake. Idan kuma zane ya canza, sai mai tantancewa ya bi rassa ɗaya bayan ɗaya yana neman inda canjin ya taɓa.

A MBSA ba a zana bishiyar. Ana bayyana kowane sashe ne shi kaɗai: janareta yana da halaye uku, yana jira, yana aiki, ya lalace, ga abubuwan da ke fitar da shi daga wani hali zuwa wani, ga abin da yake bayarwa a kowane hali. Makunni ma haka, layi ma haka. Sai a jona su yadda suke jone a zahiri, a ce wa kwamfuta ta lalata sassa ɗaya-ɗaya, bibbiyu, uku-uku, ta ga waɗanne ne ke kai ɗakin tiyata ga duhu. Ita za ta fitar da rukunan lalacewar da lissafinsu. Gobe aka ƙara batir, sai a ƙara akwati ɗaya a sake gudanarwa. Irin wannan samfuri yana kuma iya riƙe abin da bishiya ke shan wuya da shi, wato jerin faruwar abubuwa: lalacewar makunni kafin a ɗauke wuta da lalacewarsa bayan ya gama juyawa ba lallai sakamakonsu ya zama ɗaya ba.

Harshen da ya fi suna a nan shi ne AltaRica, wanda aka ƙirƙiro a Jami'ar Bordeaux a ƙarshen shekarun 1990, kuma kamfanin Dassault ya yi amfani da shi wajen tantance na'urar sarrafa jirginsa Falcon 7X. Akwai kuma HiP-HOPS daga Ingila. Ƙa'idar ARP4761 ta 1996, wadda masu ƙera jirage ke bi wajen tantance haɗari, an sabunta ta a 2023, sabon bugun kuma ya shigar da wannan hanya.

Me zai hana a yi samfuri ɗaya tak, a tsara da shi, a tantance haɗari da shi?

Wannan shi ne mafarkin da masu sayar da manhaja suka fi tallatawa, kuma a ganina ya kamata a yi taka-tsantsan da shi. Kowane samfuri an gina shi ne domin amsa wata tambaya, tambayar ce kuma ke yanke abin da za a sa da abin da za a zubar. Tela da likita mutum ɗaya suke aunawa, amma awon kafaɗa ba ya gaya wa likita komai game da hawan jini.

Mai tsarawa yana tambayar yaya na'urar za ta yi aikinta. Yana son cikakken bayanin kowane aiki, ba ruwansa da cewa wayoyi biyu sun bi ta rami ɗaya muddin kowace ta kai saƙonta. Mai tantancewa yana tambayar yaya za ta gaza. Shi zai iya dunƙule sassa ashirin su zama akwati ɗaya idan lalacewarsu sakamako ɗaya take haifarwa, amma ramin nan da wayoyi suka bi, da gobara, da tsuntsun da zai shiga inji, da makanikin da zai ɗaure bawul a juye, duk dole su shiga lissafinsa, alhali babu ko ɗaya a samfurin mai tsarawa.

Akwai kuma batun 'yancin mai tantancewa. Idan samfurinsa kwamfuta ce ta tatso shi kai tsaye daga na mai tsarawa, duk abin da mai tsarawa ya manta shi ma ya manta da shi. Amfanin ido na biyu ya tafi ke nan. Abin da ya fi dacewa shi ne samfura daban-daban, kowanne da harshen da ya dace da tambayarsa, sannan a riƙa gwama su a kai a kai: sassan da ke nan su ne ke can? Mahaɗarsu ɗaya ce? Inda suka saɓa, sai injiniyoyin biyu su zauna a gano ko da gangan ne ko wani ne ya yi kuskure. Sau da yawa zaman nan ya fi lissafin kansa amfani.

Me ke faruwa idan zane ya yi gaba ya bar tantancewa a baya?

Labarin Boeing 737 MAX ke nan a taƙaice. An sa wa jirgin manhajar MCAS mai dunƙufar da hancinsa idan ta ga ya ɗaga fiye da kima. Da farko ikon da aka ba ta na motsa fiffiken wutsiya digiri 0.6 ne, daga baya aka faɗaɗa shi zuwa 2.5, kuma a wancan lokacin, a kowace tafiya na'urar auna kusurwar iska guda ɗaya take saurara, ko da yake jirgin na da biyu. Masu bincike sun gano cewa ba a sabunta wasu muhimman takardun da aka miƙa wa hukumar FAA mai kula da jiragen sama a Amurka ba bayan wannan canji. An kuma ɗauka cewa matuƙi zai gane matsalar ya magance ta cikin 'yan sakanni, ba a yi la'akari da tarin ƙararrawar da za ta tashi masa a lokaci guda ba. Jirgin Lion Air ya faɗi ranar 29 ga Oktoba 2018 da mutum 189, na Ethiopian Airlines kuma ranar 10 ga Maris 2019 da mutum 157.

Samfurin da ke ɗaure buƙata da zane da nazarin haɗari zai iya ɗaga tuta ranar da 0.6 ta koma 2.5. Zaton da aka yi game da matuƙi kuwa, babu manhajar da za ta gyara shi. Mutum ne ya rubuta shi, mutum ne kuma zai ƙalubalance shi.

Manhaja ma ana ba ta lambar yiwuwar lalacewa?

A'a. Bawul yana tsatsa, batir yana tsufa, ana iya tara bayanan dubbansu a fitar da lamba. Manhaja ba ta tsufa; kuskuren da ke cikinta yana nan tun ranar da aka rubuta ta, yana jiran yanayin da zai tashe shi. Don haka ƙa'idoji ke auna tsananin kulawar da aka bi wajen rubuta ta. DO-178C ta jirage tana da mataki A zuwa E, ISO 26262 ta motoci tana da ASIL A zuwa D, IEC 61508 ta masana'antu kuma SIL 1 zuwa 4.

Za a iya yin haɗari alhali babu sashen da ya lalace?

Ƙwarai kuwa, kumbon Mars da aka fara da shi shaida ne. Wannan ne ya sa Nancy Leveson ta jami'ar MIT ta fito da hanyar STPA, wadda ke kallon na'ura a matsayin jerin masu ba da umarni da masu karɓa. Tambayarta: wane umarni ne zai zama haɗari idan an bayar, ko ba a bayar ba, ko an bayar da wuri ko a makare, ko an daɗe ana bayarwa? Matuƙi da manhaja da hukumar kamfani duk suna shiga zanen. Ba ta fitar da lamba, abin da ya sa wasu ke ganin ba ta isa ita kaɗai ba. Masu hikima suna fara aiki da ita tun zane yana ɗanye, su zo da bishiya ko AltaRica daga baya.

Tunda kwamfuta ce ke lissafin, me zai hana a zuba mata komai da komai?

Lissafin ne ba ya ɗaukuwa. Sashe ɗaya mai hali biyu, lafiya ko lalacewa, yana ninka yawan yanayin da na'ura za ta iya shiga sau biyu. Sassa 10 yanayi 1,024 ke nan. Sassa 30 sun haura biliyan ɗaya. Jirgi kuwa sassansa dubbai ne. Akwai dabarun rage nauyin, kamar yin watsi da rukunan da sai abubuwa huɗu ko biyar sun lalace a tare, ko gudanar da samfurin sau miliyoyi da ƙuri'a a ɗauki matsakaici, amma kowace dabara tana zubar da wani abu. Ƙwarewar mai tantancewa tana cikin sanin abin da zai bari a waje, da rubuta dalilinsa a inda wanda zai gaje shi zai gani.

Ɗalibi ko ƙaramin kamfani, daga ina za a fara?

Ba daga sayen manhaja mai tsada ba. Ka zaɓi na'urar da ka sani ciki da bai, ko da tsarin sola ne mai faranti da batir da inbata. Ka yi mata teburin FMEA da hannu, ka zana bishiya ɗaya ka fitar da rukunanta da biro. Bayan haka ka sauke Capella ka gina samfurin sassanta da ayyukansu, ka gwama shi da bishiyarka ka ga inda suka saɓa. Ta fuskar karatu kuma, abin da za ka fi buƙata shi ne lissafin yiwuwa, da aljabarar Boole ta "da" da "ko", da yadda ake bayyana na'ura ta halayenta da abubuwan da ke canza su. Jagorar bishiyar lalacewa da hukumar nukiliya ta Amurka ta fitar a 1981, mai lamba NUREG-0492, tana nan kyauta a intanet, haka ma jagorar STPA ta 2018.